Minti biyar a cikin mota kafin in shiga gida

Tun ina ƙarama aka san ni da rashin zama. Ni ce babba a ɗakinmu, ƙanne biyar a bayana, mahaifiyarmu kuma ba ta cika lafiya ba. Kafin in cika shekara goma na iya raino, na iya wanki, na iya lallashin yaro mai rigima har barci ya ɗauke shi. Duk baƙon da ya shigo gidanmu yabo ɗaya yake min: yarinyar nan ba ta zama. Na riƙe wannan yabo hannu biyu. Da shi na yi karatu, da shi na yi aure, da shi na kama aiki a sashen lissafin kuɗi na wata ma'aikata. Idan na zauna babu abin yi a hannuna, sai in ji kamar na yi wa wani laifi.

Lokacin da abin da zan ba ku labari ya faru ina da 'ya'ya uku. Nakan tashi kafin ƙarfe biyar, in shirya yara, in sauke su a makaranta, in wuce ofis, in dawo bayan faɗuwar rana, in kama hidimar gida har sha ɗaya na dare. Ban taɓa ganin wannan a matsayin wahala ba, a wurina haka rayuwa take.

Sai ciwon ƙoda ya kwantar da Mama. Wankin ƙoda sau uku a mako, kowane zuwa wajen awa huɗu, ni ce mai kai ta, ni ce mai dawo da ita. Nakan tafi da kwamfutar ofis in ɗora a cinya, ina aiki tana kwance ana wankin. Akwai ranar da ta juyo ta dube ni ta ce, "Ke kam, ajiye abin nan ki zauna mana." Na ce mata, "Ai a zaune nake, Mama." Ta yi shiru, ba ta ƙara cewa komai ba. Shekara biyu muka yi a haka. Makonninta na ƙarshe a asibiti nake kwana. Ta rasu da tsakar dare ina kusa da ita. Na yi duk abin da ya kamata babba ta yi, na lallashi ƙannena, na tsaya a kan komai, bayan mako guda na koma aiki. Mutane suka yi ta yaba ƙarfin halina. Duk wanda ya tambaye ni ya haƙuri, sai in ce da godiya, in wuce.

Wata biyar bayan rasuwar, ranar ƙarshen wata, ina haɗa lissafi ya ƙi daidaita. Bambancin bai taka kara ya karya ba, irin wanda na saba ganowa cikin minti goma. Ina kallon layin lambobin sai na ga suna nisa. Gabana ya faɗi ba tare da wani dalili ba, zuciyata ta shiga dukan uku-uku, ƙirjina ya ɗaure kamar an ja shi da igiya. Gumi ya keto min duk da na'urar sanyi na aiki. Yatsuna suka fara tsiri-tsiri kamar ana soka min ƙananan allurai, leɓena ma haka. Na miƙe na nufi banɗaki ina dafa bango, na rufe ƙofa na zauna a ƙasa, ina jan iska da dukan ƙarfina amma kamar ba ta shiga. Abin da ya zo min a rai shi ne tawa ta ƙare, kuma ƙaramin ɗana bai cika shekara uku ba. Wata dattijuwar abokiyar aiki ce ta ji haki ta ƙwanƙwasa. Ita ta kai ni asibiti.

Aka yi gwajin zuciya, aka ɗebi jini. Zuciya lafiya lau, sai dai jinina ya hau, 158 bisa 98. Likitar, mace ce mai magana a hankali, ta riƙe wuyan hannuna tana duban agogo, na ɗauka bugun zuciya take ƙirgawa. Da ta gama ta ce numfashina ta ƙirga, don da ta faɗa min tun farko da na gyara shi ban sani ba. Sau 24 a minti ɗaya, alhali ina kwance, abin ma ya lafa. Ta ce babban mutum da ke hutawa yakan yi tsakanin 12 zuwa 20. Ta sa na ɗora hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ciki. Na sama ne kaɗai ke motsi, na ƙasa ko gezau.

Ta yi min bayanin abin da ya same ni, kuma har yau ban manta ba. Idan mutum ya firgita, jiki yakan saki sinadarin adirinalin, zuciya ta ƙara sauri, numfashi ya zama gajere kuma da sauri, domin jiki na shirin gudu ko faɗa. Saurin numfashin nan yana fitar da iskar kabon daga jini fiye da kima, shi ke jawo jiri da tsiri-tsirin yatsu da na leɓe. Mutum ya ji haka sai tsoro ya ƙaru, ya ƙara haki, abin ya yi ta ciyar da kansa. Ta ce irin wannan firgici yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti goma sannan ya fara sauka. Wato jan iskar da na dinga yi da ƙarfi a banɗakin nan, ina ganin ceton kaina nake, shi ne yake ƙara hura wutar.

Ta ce in dawo a sake auna jinin a wasu ranakun kafin a yanke shawarar magani. Sannan ta ce tana so in riƙa ware ɗan lokaci kullum in zauna shiru, in rage saurin numfashina.

"Likita, ba ni da lokaci," na ce mata.

"Malama, yau awa nawa kika yi a nan?"

Awa shida na yi. Ban ba ta amsa ba.

Da na koma gida na yi abin da na iya, wato na mayar da shi aiki. Na shiga intanet na karanta komai. Na ga labarin wani shiri da Jon Kabat-Zinn ya fara a 1979 a makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts a Amurka, na mako takwas, ana buƙatar mutum ya yi zaman tara hankali na kamar minti 45 kullum. Na ce to ni ma haka zan yi. Na sa ƙararrawa ƙarfe huɗu na dare. Ranar farko na zauna ina lissafa abin da zan yi a ofis. Ranar ta biyu barci ya kwashe ni a zaune. Ranar ta uku na tashi bayan minti bakwai, jikina na ɓari, na kama goge kayan makarantar yara da na riga na goge. Daga nan ban sake ba. Na ce wa kaina wannan abu na marasa aikin yi ne, ni kuwa akwai rayuka a wuyana.

Jiki magayi. Bayan mako uku abin ya dawo, wannan karon ina tuƙi, yara uku a baya. Allah ya taimake ni na samu na gangara gefen titi na tsaya. Babbar 'yata tana ta cewa, "Umma, lafiya? Umma?" ni kuwa na kasa ko juyowa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Da dare maigidana ya zaunar da ni. Bai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Cewa ya yi, "Tun da Mama ta rasu ban ga kin zauna wuri ɗaya ba. Ki faɗa min wane lokaci kike so a yini, ni zan tsare miki shi." Na yi ta tunani, na rasa lokaci ko ɗaya a cikin gidan da wani ba zai kira ni ba. Can sai na tuna motata. Idan na dawo daga aiki na kashe ta a ƙofar gida, babu wanda ya san na iso sai na buɗe ƙofa. Muka yi yarjejeniya: minti biyar daga kashe mota, ko yara sun hango ni zai riƙe su.

Abin da nake yi a cikin minti biyar ɗin nan ba wani baƙon abu ba ne, ajiyar zuciya ce. In shaƙi iska ta hanci har huhu ya kusa cika, in ƙara shaƙar 'yar kaɗan a kai, sannan in sake ta ta baki a hankali, a hankali, har ta ƙare. In maimaita. Likitar ce ta nuna min da na koma, ta kuma ba ni labarin wani bincike da aka yi a Jami'ar Stanford aka wallafa a farkon 2023. An raba mutane rukuni-rukuni, kowa minti biyar a rana har tsawon wata guda, wasu na zaman tara hankali, wasu na nau'o'in numfashi daban-daban. Waɗanda suka yi wannan mai doguwar fitarwa su suka fi samun sauƙin rai, kuma saurin numfashinsu ya fi raguwa. Dalilin yana cikin halittar jiki. Duk lokacin da muka shaƙi iska bugun zuciya yakan ɗan ƙaru, idan muka fitar ya ɗan ragu. Akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi ta wuya ta sauka ƙirji da ciki, ita ce ke taka wa zuciya birki, kuma aikinta ya fi ƙarfi lokacin fitar da numfashi. Idan ka tsawaita fitarwa, ka tsawaita taka birkin ke nan. Kowa na iya gwadawa: ka sa yatsu biyu a wuyan hannunka, ka shaƙa, ka saki a hankali, za ka ji bugun yana sauyawa. Ranar da na fara jin haka da yatsuna, na daɗe ina mamakin yadda abin yake tare da ni shekara talatin da takwas ban taɓa lura ba.

Kwana huɗu na farko sun tafi lafiya. Kafaɗuna suna sauka, muƙamuƙina da nake dannewa ban sani ba yana saki. A rana ta biyar ne abin da nake gudu ya cim min. Gari ya fara duhu, na rufe gilashi, babu ƙarar komai sai ta numfashina. Ina sauraren shigarsa da fitarsa sai na tsinci kaina a ɗakin asibitin nan. A makonnin ƙarshe na Mama ba na barci, numfashinta nake saurare. Yakan yi sauri, ya yi sanyi, sannan ya tsaya cak, in riƙe nawa ina ƙirgawa, ɗaya, biyu, uku, har ya dawo in sauke ajiyar zuciya. Dare bayan dare haka. A daren ƙarshe na ƙirga na yi ta ƙirgawa bai dawo ba. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba, ni kaina ban bari na tuna ba. A cikin motar nan na kifa kai a sitiyari na yi kukan da ban yi ba wata shida. Na fi rabin awa. Maigidana ya hango ni ta taga, ya mayar da yara ciki, ya bar ni.

A ranar na gane cewa maganar da na faɗa wa likita rabin gaskiya ce. Ayyuka sun yi min yawa, wannan babu ƙarya. Amma ni nake ƙara su, ni nake neman su, domin muddin hannuna na motsi ba zan ji wannan shirun ba. Goge kayan da aka riga aka goge da ƙarfe huɗu na dare gudu ne. Ina faɗin wannan ne saboda na san akwai masu karantawa da suka gwada zama shiru suka ji hankalinsu ya ƙara tashi, suka ɗauka su ne ba su iya ba. Wani lokaci shirun ne yake buɗe ƙofar abin da mutum ya kulle. Idan abin ya yi nauyi, bai kamata mutum ya ɗauke shi shi kaɗai ba. Ni likitar ta tura ni wurin mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, na yi wata huɗu ina zuwa. Ita ta ce min a farko kada in rufe ido, kuma idan sauraren numfashi ya dawo da ni asibiti, in mayar da hankalina kan tafin ƙafata da ke taka ƙasa, ko nauyin hannuna a kan cinya. Haka na yi ta yi har numfashina ya koma nawa, ya daina zama na Mama.

Bayan kamar wata uku na ƙara zaman safe, minti goma, a bakin gado kafin in taɓa waya. Wannan sharaɗi na kafin in taɓa waya shi ne ginshiƙin, don da zarar na buɗe saƙo ɗaya safiyar ta tafi. Hanyar da nake bi mai sauƙi ce, kusan irin wadda Herbert Benson, likitan zuciya a Jami'ar Harvard, ya bayyana a 1975: ka zauna yadda jikinka zai sake, ka zaɓi kalma ɗaya ko gajeriyar jimla da ta dace da imaninka, ko ma ƙirga kawai, ka riƙa maimaitawa tare da fitar numfashi, idan tunani ya ɗauke ka ka dawo ba tare da faɗa da kanka ba. Shi minti 10 zuwa 20 ya ba da shawara, sau ɗaya ko biyu a rana. Ni ƙirga nake yi, ɗaya zuwa goma, in sake daga farko. Da wuya in kai shida tunani bai fizge ni ba: kuɗin makaranta, wata magana da shugabana ya faɗa, takalmin yaro da ya ɓace. Da farko wannan yana ƙona min rai ƙwarai. Abin da ya sanyaya min zuciya shi ne wani bincike da masana biyu na Harvard suka wallafa a 2010, inda suka riƙa tambayar mutane sama da 2,000 ta waya a lokuta daban-daban me suke tunani. Kusan kashi 47 cikin ɗari na lokacin, hankalin mutanen ba ya kan abin da suke yi. Ashe haka zuciyar ɗan Adam take. Aikin da ake so in yi shi ne in lura na tafi, in dawo. Idan na dawo sau ashirin a minti goma, to sau ashirin na yi aikin.

Na sha tsallake rana, har mako guda na taɓa yi lokacin da yara biyu suka kwanta zazzaɓi tare. Tsohon halina shi ne in ce tunda na karya, shi ke nan. Wani bincike da aka yi a Landan kan yadda ɗabi'a ke kafuwa ya nuna matsakaicin lokacin kwana 66 ne, wasu 18 ya ishe su, wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. Ni ina ganin ina cikin masu dogon zango. Sai da na kusa wata bakwai kafin hannuna ya daina kai wa ƙofar mota da kansa idan na kashe ta.

Ban so kowa ya ɗauka lokacin nan daga sama ya faɗo. Minti 1,440 ne a yini, nawa duka duka goma sha biyar nake cirewa, amma sai da na biya kuɗinsu. Na daina amsa saƙon ofis bayan takwas na dare, kuma na faɗa wa shugabana baki da baki, muryata na rawa. Bai ji daɗi ba, na kuma san akwai abin da na rasa a wurin aiki saboda haka. Abin da ya fi min wuya shi ne ƙannena. Tun rasuwar Mama komai ni ake kira, ƙarami da babba. Ranar da autarmu ta kira ta ce, "Yaya, ke kaɗai za ki iya," na ce mata, "Za ki iya, ƙanwata, ki gwada, in ya gagara ki kira ni gobe." Da na ajiye wayar sai da na yi hawaye, ina jin kamar na ci amanar Mama. Ba ta kira ba washegari, ta yi abinta da kanta.

Sauran kuwa ɗan tsinta-tsinta ne a cikin yini. Kafin kwamfuta ta gama buɗewa da safe, ajiyar zuciya uku. Kafin in shiga taron da na san za a yi gardama, in tsaya a bakin ƙofa in yi biyu. Idan ruwa na kan wuta ina jiran ya tafasa, in bar waya a inda take, in shaƙa cikin daƙiƙa huɗu in fitar cikin shida, wanda ke kawo numfashi kusan sau shida a minti. Na gwada nau'in da ake riƙe numfashi na tsawon lokaci, jiri ya sa ni, na bar shi. Ba na yin ko ɗaya daga cikin waɗannan da rufaffen ido ko a kan tuƙi, sai na tsaya.

Numfashi bai warkar min da hawan jini ba. Da aka sake aunawa sau uku yana sama da 140 bisa 90, aka ɗora ni a kan magani, har yau ina sha kullum, kuma ba ni da niyyar bari sai likita ta ce. Ina roƙon duk wanda ya ji ciwon ƙirji ko numfashinsa ya sarƙe ya fara zuwa asibiti, kamar yadda aka kai ni. Sai da aka tabbatar zuciyata lafiya kafin a ce firgici ne. Firgicin ma bai ɓace gaba ɗaya ba. Cikin shekara biyun nan ya zo min sau uku. Bambancin shi ne yanzu ina jin tahowarsa tun daga yatsu, in nemi wuri in zauna, in tsawaita fitarwa, in duba agogo, na san zai hau kuma zai sauka. Na baya-bayan nan ko wadda ke zaune kusa da ni ba ta sani ba.

Babbar 'yata ta shiga shekara goma sha ɗaya. Kwanakin baya wata baƙuwa ta ga tana ta kai-komo da ƙannenta, ta ce, "Kai, yarinyar nan ba ta zama, ta gado uwarta." Na ga yadda fuskar yarinyar ta washe, na san wannan daɗin, na san inda ya kai ni. Washegari da na dawo na kashe mota, na hango ta tsaye a ƙofa da ƙaramin a hannu tana jiran minti biyar ɗina su cika. Na sauke gilashi na ce ta miƙa shi wa babansu ta zo. Ta shigo ta zauna a kujerar gefe tana tambaya ko wani abu za ta ɗauka. Na ce babu. Na ɗora hannunta a kan cikinta, na ɗora nawa a kan nawa. Ta yi ta mutsu-mutsu, ta yi dariya sau biyu, kafin minti uku ta tambaya ko an gama. Yanzu tana shigowa kamar sau biyu a mako, ranar da ta ga dama. Sauran ranakun ni kaɗai nake zama, wani lokaci Mama ta faɗo min a rai in yi hawaye, wani lokaci in ƙirga har goma ban ɓata ba, sannan in ɗauki jakata in buɗe ƙofa.